Neman shawara: Cisitalia 202 ta shigo garejinmu, in tsaya in koya ko in bi albashi?

Fanalbita a Turin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya san tsofaffin motocin Italiya. A Kaduna na koyi gyaran bodi, yau shekarata huɗu a wani ƙaramin gareji a wajen Turin. Makon jiya aka kawo mana wata 'yar mota a kan tirela, fenti duk ya ɓare, kujeru sun zama gidan ɓeraye, wai sunanta Cisitalia 202. Maigidana dattijo ne, ya haura saba'in. Sai da ya zagaye ta sau uku kafin ya ce uffan. Ya ce aikinta zai ci shekara ɗaya da rabi, ni yake so in tsaya kusa da shi, amma ba zai iya ƙara mini ko sisi ba. Ga shi wani babban gareji mai aikin motocin inshora ya yi mini tayi da ƙarin yuro 300 a wata. Gida ana jira, ga maganar aure bayan Babbar Sallah.

Abin da ya ɗaure mini kai, na buɗe bonet na tarar da inji ɗan mitsitsi mai silinda huɗu. Mai motar kuwa sai nanata mana yake "motar Nuvolari ce". Tsohon idan ya yi zafi yarensu na Piemonte yake juyawa, rabi nake kamawa. Mece ce wannan motar, kuma ta isa in bar kuɗi saboda ita?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Yuro 300 sau wata goma sha takwas, yi lissafi da kanka. Tarihin mota ba ya biyan sadaki.

Malamin Makaranta:
Baban Yara bai yi ƙarya ba, amma bari ka san abin da ke gabanka kafin ka yanke.

Wanda ya kafa Cisitalia shi ne Piero Dusio, attajirin masaƙa a nan Turin ɗin da kake, ya ma taɓa shugabantar ƙungiyar Juventus. Da aka gama yaƙin duniya na biyu ƙasar ta tsiyace, babu kayan aiki, sai ya ɗauko injiniyan Fiat, Dante Giacosa, suka ƙera 'yar motar tsere mai kujera ɗaya, D46, a 1946. Dabararsu ita ce inji da sassa na Fiat 1100 da ake samu ko'ina, a ɗora su a kan firam na siraran bututun ƙarfe mara nauyi. Har Alƙahira suka kwashi motocin a 1947 aka yi tsere a tsibirin Gezira, kowa da iri ɗaya, Franco Cortese ya ci. Shi ya sa ka ga injin ƙarami. Na 202 cc 1089 ne, ƙarfin doki 55 ko kusa da haka, motar kuma ba ta kai kilo 800 ba. Rashin nauyi ne makaminta.

Sai Nuvolari. Tazio Nuvolari mutumin yankin Mantova ne, kuma har gobe Italiyawa ba su da direban da suke ji da shi kamarsa. A tseren motoci na Mille Miglia na watan Yunin 1947, na farko bayan yaƙi, yana da shekara 54, huhunsa ya lalace. Tseren daga Brescia ake tashi a je Rum a dawo, a wannan shekarar hanyar ta kai kilomita 1,800. Ya shiga da buɗaɗɗiyar Cisitalia mai wannan ɗan injin, ya isa Rum shi ne a gaba. A hanyar dawowa ruwan sama ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ruwa ya shiga wutar injin, dole ya tsaya. Clemente Biondetti, cikin rufaffiyar Alfa Romeo 8C mai injin lita 2.9, ya wuce shi ya ci da ratar kimanin minti 16. Nuvolari na biyu, na uku da na huɗu su ma Cisitalia ne. A ganina wannan na biyun ya fi nasarori da yawa daraja: tsoho mara lafiya, ruwa na dukansa, yana fafatawa da injin da ya kusa ninka nasa uku.

To amma lura, wadda ya tuƙa ita ce 202 SMM, mara rufi, wadda daga baya aka laƙaba wa Spider Nuvolari. Taka tana da rufi?

Fanalbita a Turin:
Tana da rufi, Malam. Ƙofa biyu, bayanta ya gangaro a hankali har ƙasa.

Malamin Makaranta:
To ba ita ya tuƙa ba, 'yar'uwarta ce. Mai motar ya ɗan sa gishiri. Sai dai ita wannan tana da nata martabar, kuma ta fi shafar sana'arka. Pinin Farina ne ya zana bodinta a 1947. Kafin ita, marfin taya daban, fitila daban, bonet can sama kamar akwati. Shi ya haɗe komai ya zama jiki ɗaya, bonet ya sauko ƙasa da kafaɗun tayoyin gaba. A 1951 gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya baje kolin motoci takwas da ita a ciki, a 1972 kuma ta zama mota ta farko da suka ajiye dindindin. Kimanin 170 kacal aka yi daga 1947 zuwa 1952, kowace da hannu aka buga ta.

Tsohon Fanalbita:
Ɗana, ni ban san Nuvolari ba, amma shekarata talatin da guduma a hannu. Tunda da hannu aka buga ta, bodin nan alminiyom ne, kuma wannan wata sana'a ce daban da wadda muka koya muku. Ƙarfe idan ya yi zafi yakan yi ja ya gargaɗe ka. Alminiyom ba ya canza launi, kana kallonsa zai zube ya bar maka rami. Idan ka daɗe kana bugunsa sai ya taurare ya tsage, sai an gasa shi ya yi laushi. Tsofaffi kan shafa masa baƙin hayaƙin tocin walda, su bi da wuta har baƙin ya ɓace, a nan ake tsayawa. Ka duba duk inda ya haɗu da firam na ƙarfe, can yake ruɓewa ya zama farin gari.

A garejin inshora me za ka yi? Cire bamba, saka bamba. Yaron da ya yi wata shida zai iya. Masu bugun kwano da hannu kuwa ƙarewa suke yi, kai da bakinka ka ce maigidanka ya haura saba'in. Kuma kada ka kuskura ka yanke tsohon kwano ka jefar don ka ga ya lotse. Bari shi ya nuna maka abin da za a ceta.

Baban Yara:
Duk na ji. Amma in tsohon ya kwanta ciwo a wata na biyar fa, Allah ya kiyaye? Kuma shi Dusion da kuke yabo, ina kamfanin nasa yau?

Malamin Makaranta:
Ya karye, kuma buri ne ya karya shi. Ya ba iyalan Porsche kwangilar zana masa motar Grand Prix, Cisitalia 360, mai silinda 12, inji a bayan direba, tana iya ja da ƙafa huɗu. Da kuɗin kwangilar aka yi belin Ferdinand Porsche daga hannun Faransa a 1947. Motar ta lashe dukiyar kamfanin ba ta taɓa shiga Grand Prix ko ɗaya ba. A 1949 Dusio ya koma Ajantina, Carlo Abarth da ke masa aiki ya kwashi abin da ya saura ya buɗe nasa kamfanin a shekarar, mai tambarin kunama. Maganar ciwon tsoho kuwa ba ni da amsarta.

Anti a Brescia:
Ƙanena, ni a garin da ake tashin Mille Miglia nake, duk shekara sai sun toshe mana hanya. Tseren gaske an daina shi tun 1957, bayan haɗarin Guidizzolo da ya kashe 'yan kallo tara. Wanda ake yi yanzu na tsofaffin motoci ne, kuma sai irin waɗanda suka shiga na asali tsakanin 1927 da 1957 ake karɓa. Masu su ba sa wasa da takardu, lambar shasi da ta inji, shaidar ASI ko FIVA (ƙungiyoyin da ke tantance tsofaffin motoci, ta Italiya da ta duniya), kuma sun san sunan duk wanda ya iya gyara musu bodi. Battilastra suke ce masa, a nan nemansa ake yi.

Amma kada zaƙin labari ya sa ka yi aiki a kan alkawarin baka. Ka san takardar zamanka da kwantiragi take tafiya. Ka ce wa tsohon ya rubuta maka kwantiragin da zai kai ƙarshen aikin, kuma ya yarda ka ɗauki hoton kowane mataki da hannunka a ciki. Tunda ya ce ba shi da ƙari, ya sa kuɗin awowinka a lissafin mai motar. Wanda ya iya ajiye Cisitalia ba yuro 300 ne zai gagare shi ba. In ya ƙi duka ukun, ka bi shawarar Baban Yara ba tare da waiwaye ba.

Fanalbita a Turin:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau na yi masa magana kamar yadda Anti ta ce. Kwantiragi da hoto ya yarda nan take. Maganar kuɗi ya yi shiru, ya ce zai kira mai motar ranar Litinin. Su garejin inshora na roƙe su mako ɗaya. Da na ce masa ai ba wannan Nuvolari ya tuƙa ba, sai ya yi dariya ya ce shi ma ya sani, kada dai in faɗa a gaban mai ita. Ya ce ranar Lahadi in je gidan tarihin motoci na Turin in kalli tasu da kyau, in dawo in gaya masa inda bonet ɗin tamu ya karkace.