Wa ya ga kakar ƙarshe ta Sonics, tsohuwar ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin Seattle a Amurka, da idonsa?

Tsohon mai tasi: Salamu alaikum jama'a. Jiya ɗana ya tono wata tsohuwar rigata mai kore da ruwan ɗorawa a ƙasan akwati, ya ce Baba wace ƙungiya ce wannan? Na rasa ta inda zan fara. Don Allah duk wanda ke Seattle a kakar 2007 zuwa 2008 ya faɗi abin da ya gani. Ni tasi nake ja lokacin, daren wasa kuwa bakin KeyArena, filin wasan Sonics, nake fakawa. Shekarar nan fasinja bai damu da wa ya ci ba, zancensa ɗaya ne: Clay Bennett, wanda da shi da abokansa suka sayi ƙungiyar a 2006 kan dala miliyan 350, kuma kowa ya san so yake ya mayar da ita Oklahoma.

Ɗan zango: Wa alaikumus salam Alhaji, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Manyan 'yan wasanmu, an yi musayar Ray Allen zuwa Boston, Rashard Lewis ya tafi Orlando, aka bar mana yara. Wasa takwas na farko duk kashi muka sha. Ranar da Denver ta zuba mana 168 da 116, kashe talabijin na yi na kwanta. Wasa 20 muka ci cikin 82.

Ma'aikaciyar jinya: Ni ina jami'a a lokacin, ban ma san dokokin wasan ba. Ƙawata ce ta ja ni wasan gida na ƙarshe, 13 ga Afrilun 2008, da Dallas. Can ƙololuwa muka zauna. Kevin Durant yana ɗan shekara 19, dogo siriri kamar sillen kara, har na ce wa ƙawata yaron nan yana cin abinci kuwa? Dab da tashi ya jefa wadda ta sa muka wuce gaba, aka tashi 99 da 95. Filin ya ɗauka da kiran a ceci Sonics, shi ma Durant yana ɗaga hannu a ƙara. Wani dattijo kusa da mu ya ce yana nan aka ɗauki kofin 1979, yana magana hawaye na bin gemunsa. Ni da na je rakiya sai ga ni ina share nawa.

Ɗan zango: Hajiya kin yi dace. Ni aiki ya riƙe ni, maigidana ya hana ni musayar dare, a rediyo na ji. Kwana biyar bayan nan masu ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suka kaɗa ƙuri'a, 28 suka yarda a mayar da Sonics Oklahoma, biyu suka ƙi: Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland.

Tsohon mai tasi: Ni fa har shari'ar da birnin Seattle ya yi da masu ƙungiyar a watan Yuni ban cire rai ba. Sai 2 ga Yuli aka ce an sasanta, birni ya karɓi dala miliyan 45, ƙungiya ta tafi, suna da launin riga su zauna a Seattle. Shekara 41 ke nan ƙungiyar ta yi a Seattle. Ranar nan fasinja uku na ɗauka a jere, babu wanda ya ce uffan.

Ɗan zango: Alhaji, in ɗanka ba ya son rigar, ina so. Lamba nawa ce a bayanta?

Tsohon mai tasi: 20 ce, ta Gary Payton, tsohon ɗan wasanmu. Ba ta sayarwa ba ce, ƙanena.