Neman suna: matashin da ake haɗawa da ragowar ulu da ƙyallaye

Assalamu alaikum iyayena da yayyena mazauna Makka da Jidda. Akwai sana'ar da matanmu da dama suka kama, amma abin da suke yi ɗin ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Ina nufin ƙaramin matashin nan mai kusurwa huɗu da ake jerawa a majalisi, fuskarsa wani ɓangare saƙa wani ɓangare ɗinki, duk daga ragowar ulu da ƙyallayen da suka taru a gindin keke. Wata ta sa hotonsa a WhatsApp ta rubuta khudadiyya, wata ta ce kushin, wata ta ce facwok. Ina so mu tsayar masa da na Hausa, domin abin da 'ya'yanmu haifaffun nan suka ji muna faɗa, shi za su riƙe.

Kushin dai bai yi ba. Ki ce wa mutumin Kano kin ɗinka kushin, kujerar falo zai hango. Filo na barci ne. Tumtum na fata ne, aikin dukawa, kuma ya fi wannan girma. Khudadiyya kalma ce mai kyau a wurin masu ita, Larabawa, daga khadd ta fito, wato kunci, asalinsu ɗaya da mikhadda, wato filo. Amma muna da matashi tun kaka da kakanni. Tunda wannan ba kai ake tasawa da shi ba, jingina ake yi ko a ajiye don kallo, sai mu ce matashin ado. Wata yayata ta ce za a ruɗe da matashi na samartaka. Yaya, jam'i ya raba su: waɗancan matasa, waɗannan matasai.

Ɓangaren saƙa ba shi da gardama sosai. Abin da ake kira tiriko a shagunan nan shi ne saƙar kibiya, mai kibiya biyu. Kuroshe kuwa saƙar kwarashi ce, mai ƙugiya ɗaya, irin wadda iyayenmu suke yi wa jarirai hula da safa. Kwarashi ma aro ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida, ba na neman a taɓa ta. Sadu kuma a bar masa sunansa. Saƙar matan ƙauyawan Larabawa ce a masaƙar ƙasa, da gashin tumaki da awaki da raƙuma, wadda UNESCO ta shigar a jerin al'adun gado da sunan Saudiyya da Kuwait a 2020. Don matashinki yana da ja da baƙi da fari bai zama sadu ba, kada mu sayar da shi da wannan suna.

Inda aikin yake shi ne facwok, kalmar Turanci ta ɗinkin haɗa guntayen yadi. Hajiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce ai maho ne. Na fahimce ta, amma maho da faci ana yin su ne inda riga ta huje, don a rufe aibi. Larabcin ma haka yake, tarƙi'i daga ruƙ'a. Nan kuwa babu abin da ya yage. Mace ce take zama ta zaɓi guntun atamfa, guntun shadda, ta yanka su daidai da juna, ta bar santimita 1 a kowane gefe don ɗinki, ta duba wane launi zai zauna kusa da wane. Idan muka kira shi maho, mai saye za ta taya shi kuɗin tsumma, mai yi kuma za ta ji nauyin cewa ita ta yi. Gamin-gambiza ya fi muni, don yana nuna an haɗa ba tsari.

An kawo matashin haɗi. Gajere ne, yana da daɗin faɗa, sai dai duk macen da ta ji haɗi, turaren wuta da humra za ta fara tunawa.

Shawarata ita ce haɗa-ƙyalle. Ginin Hausa ne sak, aikatau da suna a manne, kamar dafa-duka. Ana iya cewa "ta iya haɗa-ƙyalle", ko "zanen gado na haɗa-ƙyalle", ba sai matashi kaɗai ba. Namu sai ya zama matashin haɗa-ƙyalle, in akwai saƙa a jiki a ƙara "mai kwarashi" ko "mai kibiya".

Tunda ana ta tambayar yadda ake yi, ga abin da ya fi ba mutane wahala. Saƙa tana miƙewa, atamfa ba ta miƙewa, in kika haɗa su kai tsaye fuskar za ta karkace. Ki yi wa saƙar shafi da farin yadi tukuna, ki ɗaje, sannan ki hau keke. Shafi ma kalmarmu ce ta telolin babbar riga, ba ma bukatar biɗana ta Larabci. Ki wanke ƙyallayen auduga kafin yanka, don suna tsukewa, jan atamfa kuma yakan zuba a kan fari. Rigar ta ɗan gaza cikin kaɗan, misali ciki santimita 45 riga 43, sai ya tashi ɓul-ɓul. A gida audugar rimi ake ɗurawa, a nan faiba ta fi samuwa. Kuma da zafin ƙasar nan ina ganin saƙar ta tsaya a tsakiya kawai, bayan matashin ya zama yadin auduga, gefe kuma ragowar baƙin yadin abaya yana fito da launuka sosai.

Iyayenmu da suka taso a Katsina, Zazzau ko Damagaram, in akwai tsohon sunan da masu ɗinki suke kiran wannan aiki da shi, don Allah ku kawo, shi zan fifita a kan nawa. In babu, masu talla su fara rubuta matashin haɗa-ƙyalle a saman hoto, khudadiyya a ƙasa saboda masu saye Larabawa.