Na canja gilashin wayata da kaina, yanzu ta ƙi buɗewa: yaya zan ceto bayanan ciki?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Gilashin wayata ta Android ya tsage a makon jiya, sai na sayo sabo a Adum, a nan Kumasi, na zauna a gida na canja shi da kaina, bayan na cire haɗin batir kamar yadda aka koya mini. Da na kunna ta, hoto ya fito tas, amma ta ƙi karɓar zanen yatsana, ta ce sai lambar sirri. Lambar tawa tana da sifili, kuma layin ƙasa na sabon gilashin, inda sifilin yake, ba ya jin taɓi ko kaɗan. Na yi ta gwadawa har ta fara cewa in jira daƙiƙa 30. A cikinta akwai lissafin bashin da nake bin abokan cinikina na kasuwar Kejetia, da muryoyin da mahaifina ya aiko mini kafin rasuwarsa. Wani yaro ya ce in kawo a yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhaja. In kai?

Mai gyara daga Nima:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Don Allah kada ka bari kowa ya yi mata filashin ko ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, domin hakan zai buɗe wayar, amma zai shafe duk abin da kake son cetowa. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, sababbin wayoyi suna zuwa ne da bayanansu a kulle, kuma makullin yana ɗaure da lambar sirrinka da kuma ƙwaƙwalwar wayar kanta. Shi ya sa ko an ciro ma'ajiyar an ɗora a wata na'ura, ba abin da za a iya karantawa. Ƙin karɓar yatsa kuwa ba lalacewa ba ne: duk wayar da aka kashe aka kunna, sai an shigar da lamba sau ɗaya kafin yatsa ya yi aiki.

Ka daina gwaji haka nan, saboda lokacin jira ƙaruwa yake yi, wasu wayoyin ma ana saita su su shafe kansu bayan kuskure da yawa. A iPhone sau 10 ne. Ka nemi ɗan haɗin OTG, wato ɗan abin da ake sakawa a ramin caji don a jona kayan kwamfuta da waya, ka jona linzamin kwamfuta (mouse), za ka ga kibiya ta fito, sai ka danna lambobin da ita. Sai dai wasu wayoyin ba sa karɓar OTG sai an kunna shi daga cikin saiti, kai kuma ba ka da hanyar shiga can. In haka ta faru, ina tsohon gilashin? Idan yana jin taɓi kafin ka cire shi, mayar da shi na ɗan lokaci. Ka cire haɗin batir tukuna, ka kuma tabbatar siririyar igiyar gilashin ta zauna daram a mazauninta, don sau da yawa a wurin nan matsalar take.

Hajiya daga Asawase:
Ɗana, ka bi maganar mai gyara. Kafin nan, ka shiga asusunka na Google a kwamfuta ka duba, wataƙila lambobin mutane da hotuna suna can. Ka ciro memori idan akwai. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne WhatsApp: kada ka yi gaggawar buɗe lambarka a wata waya, domin abin da zai dawo maka shi ne iyakar abin da aka adana a Google Drive a karo na ƙarshe, kuma mutane da yawa ba su taɓa kunna wannan ajiyar ba. Muryar mahaifi ba abin da za a yi ganganci da shi ba ne.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Linzamin bai yi aiki ba, kibiya ba ta fito ba. Allah ya taimake ni ban jefar da tsohon gilashin ba, yana nan a naɗe cikin jarida a ƙarƙashin gado. Bayan sallar isha'i na mayar da shi, hannuna na rawa, na danna lambar a tsakanin tsagogin, wayar ta buɗe. A daren na kwashe muryoyin Baba da lissafin bashin zuwa kwamfutar ƙanena, na kuma tarar ajiyar WhatsApp a kashe take, kamar yadda Hajiya ta yi zato, na kunna ta. Gobe in sha Allahu zan kai sabon gilashin wurin mai gyara a duba ko igiyarsa ce na ji wa rauni.