Hawan keke da abaya ko atamfa a Holan: yaya ake yi kaya ba su ɓaci ba?

Baƙuwar_Utrecht:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu ne ya kawo ni Utrecht, kuma daga masaukina zuwa makaranta kilomita 5 ne. Kuɗin bas na cin aljihu, ga jira cikin sanyi. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda mutanen garin nan ke hawa keke cikin kwalliya, mata da dogayen riguna da takalmi mai tsini, maza da kwat, su isa wurin aiki tsaf babu gumi babu baƙin mai. Ni abaya da hijabi nake sawa, ranar Juma'a kuma atamfa ko leshi. Na iya keke, amma ban saba shiga titi da shi ba. Wane iri zan nema? Yaya zan yi da bakin riga, da ruwan saman nan da ba ya sallama?

Mai_Faci:

Wa alaikumus salam Malama. Kwalliyar da kike gani aikin keken ne kafin ya zama aikin tela. Kekensu na gari an ƙera shi ne don a hau da kayan da aka fito da su daga gida. Idan kin shiga shago ki ce omafiets kike so. Ɗan'uwan baƙin Raleigh ɗin nan ne da iyayenmu suka hau a Kano da Zinder, sai dai ba shi da ƙarfen tsakiya, ƙafa kawai za ki zura ki zauna.

Kafin ki duba launi, ki duba sarƙa. A rufe take ruf cikin akwatinta, ko kuwa ɗan faranti ne aka ɗora mata a sama? Mai faranti ba zai yi miki ba, domin ƙasan sarƙar a buɗe yake, nan kuma bakin abaya ke kaiwa. Cikakken akwatin sunansa kettingkast. Bayan tsare riga yana tsare sarƙar kanta daga yashi da ruwa, shi ya sa ɗigon mai sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe ta.

Sai ƙafar baya. Ana sa mata garkuwar roba ko raga hagu da dama, daga madigadi zuwa kusa da tsakiyar wili, suna ce mata jasbeschermer. Ga mai doguwar riga wannan ya fi komai. Idan yadi ya shiga wayoyin wili ba yagewa kawai yake yi ba, naɗewa yake a jikin gindin wilin, ya ja ki baya, ƙafar ta ƙame nan take. Idan keken da kika samu ba shi da ita, ana sayar da ita daban da araha, ki dai faɗa musu girman wilinki, yawanci inci 28 ne.

Birki ma yana ɓata kaya, mutane ba su cika lura ba. Mai roba biyu da ke matse bakin wili, idan ruwa ya taɓa shi yana fitar da wani baƙin ruwa mai toka da ke fantsama a ƙafar wando. Ki nemi wanda birkinsa ke cikin tsakiyar wili, ko dai na taka feda baya, ko na hannu mai rufi irin na kamfanin Shimano. Haka giya: ta cikin wili, samfurin Nexus na Shimano mai giya 3 ko mai 7. Garin shimfiɗe yake, tudunki gadoji ne da iska, don haka 3 ta wadatar. Amfanin giyar cikin wili ana iya canza ta a tsaye a bakin danja. Lokacin canzawa ki sassauta taka feda na daƙiƙa guda, idan kika canza da ƙarfi a ƙafa haƙoran ciki ne ke ci.

Tsayin sirdi: ki zauna, ki ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Sabon shiga yakan sauke sirdi don tafin ƙafa ya taɓa ƙasa gaba ɗaya, sai gwiwa ta riƙa tashi sama tana ɗage riga, ga ciwon gwiwa bayan mako biyu. A makon farko ki rage santimita 2 daga daidai, in kin saba ki mayar.

Keken da aka taɓa amfani da shi mai kyau, ƙirar Gazelle ko Batavus, a shagon masu gyara yakan kama Yuro 100 zuwa 250. Yana da nauyi, kilo 20 ko kusa, kada ki yi tunanin hawa bene da shi.

Hajiya_Tela:

'Yar'uwa, Malam ya gama da ƙarfe, bari in taɓa yadi.

Faɗin riga ba shi ne matsala ba, tsawo da matsi su ne. Abaya mai faɗi da ta tsaya a idon sawu tana hawa keke lafiya lau. Wadda ke jan ƙasa kuwa, ko da akwatin sarƙa, tana iya maƙalewa tsakanin feda da hannunta. Dabarar ita ce kafin ki hau ki tattaro rarar yadin ta gefen dama, ki ɗaure da robar gashi a daidai gwiwa, ko ki kama da maƙalin shanya guda biyu. In kin sauka ki cire, ba ya barin alama sai a yadi mai sitati. Ki sa wando mara faɗin ƙafa a ciki kullum, shi ke ba ki natsuwa ranar iska.

Akwai kuma dabarar kwabo ga doguwar riga ko siket mai faɗi. Ki sa tsabar kuɗi ta baya tsakanin ƙafafu, ki turo ta gaba har ta haɗa yadin baya da na gaba, ki naɗe da roba. Rigar ta koma kamar buje, iska ba ta ɗaga ta.

Ɗinkin atamfa shi ne inda za ki yi zaɓe. Siket ɗin nan da ke matse gwiwa ya buɗe a ƙasa, ki bar shi don ranar bas, domin ko kin hau ba za ki iya sauke ƙafa da sauri ba idan aka yi birki a gabanki, faɗuwar mata da yawa daga nan take. Ɗaurin zani ma yana kwancewa da motsin cinya. Doguwar riga mai buɗewa tun daga ƙugu, ko bubu, su ne na keke. Shadda mai ƙyalli kuwa ɗigon ruwa kaɗan ke kashe mata ido, ranar da sama ta haɗe ki linke ta a jaka ki canza a can.

Hijabi mai kaiwa gwiwa yana cika da iska ya riƙa jan wuya, gefensa kuma yana lilo kusa da wilin baya. Gajere ya fi, ko ɗankwali da mayafi a cusa bakinsa cikin jaket. Kada jelar gyale ta yi reto a baya ko kaɗan. Kafin ki fita ki gwada waiwaye hagu a gaban madubi: idan yadin ya rufe miki gefen ido, ki sake ɗauri, domin kan hanyar keke waiwaye ne madubinki.

Gumi kuwa gudu ke kawo shi, da jakar goyo. Mutanen nan tafiyar kilomita 15 a awa suke yi, wadda za ki iya hira kina taka feda. Kilomita 5 ɗinki minti 20 ke nan. Ki fita da minti 30 a hannu. Jaka ta tafi kwando ko jakunkunan kariya na baya, bayanki ya sha iska. Da sanyi ki fito kina ɗan jin sanyin a jiki, minti biyar za ki ɗumama. Wanda ya fito a ɗumame shi ke isa a jiƙe. Safar hannu dai kada ki yi wasa da ita daga Nuwamba zuwa Maris.

Takalmi mai tsini ya fi sauƙi a keke fiye da a ƙasa, tunda gaban tafin ƙafa ne ke kan feda. Wanda ke zamewa shi ne mai santsin fata a ƙasa idan feda ta jiƙe, sai ki nemi feda mai roba.

Na ruwa: ki sa manhajar Buienradar a waya, tana nuna lokacin da hadari zai iso unguwarki, sau da yawa jinkirin minti goma ya raba ki da shi. Rigar ruwa mai faɗi da ke rufe har kan keke ta fi dacewa da abaya fiye da mai wando, kantin HEMA na sayarwa, illarta kawai iska mai ƙarfi tana kama ta. Ki ajiye leda ƙarƙashin sirdi ki riƙa rufe shi idan kin faka. Jiƙaƙƙen sirdi ya fi ruwan sama tona asiri.

Abu_Safwan:

Ƙarin bayani kan doka, domin tara a nan ba a roƙo. Fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya, kuma ba mai ƙyaftawa ba. An yarda ki maƙala ta a ƙirji da baya ko a jaka, amma idan mayafi ya rufe ta daidai yake da babu. Mafi sauƙi keke mai dainamo a cikin wilin gaba, babu batun batir. Ƙararrawa wajibi ce. Riƙe waya a hannu kina tuƙi haramun ne tun 1 ga Yulin 2019, tarar ta fara da Yuro 95 kuma ta hau sosai tun daga lokacin, don haka ki sayi abin maƙala waya a kan keke idan taswira kike bi.

Jan kwalta hanyarki ce. Fararen alamu masu kusurwa uku da aka jera a ƙasa, idan tsininsu na kallonki ke za ki ba da hanya. Ki miƙa hannu kafin kwana, kuma kada ki tsaya cak a tsakiya, musamman a titin Vredenburg na tsakiyar gari inda kekuna sama da 30,000 ke wucewa a rana. Wajen jami'a akwai layin taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari: ki tsallaka shi a gicciye, idan kika bi shi a kwance taya na faɗawa cikin ramin ƙarfen.

Sata ita ce babbar cutar. Kwaɗo biyu: na zobe da ke manne a wilin baya, da sarƙa mai kauri da za ta ratsa jikin keken da wilin gaba ta kama ƙarfen da ke kafe a ƙasa. Kwaɗo mai tambarin inganci na ART tauraro 2 shi kamfanonin inshora ke nema. Wanda ya tare ki a titi da keken Yuro 20, na sata ne, mai saye ma laifi ya hau kansa. Ki duba lambar jikin keken a shafin Stop Heling na 'yan sanda, inda ake ganin kayan sata, kafin ki biya. A babbar tashar jirgin ƙasa ta Utrecht ki shiga rumbun kekuna na ƙarƙashi, yana ɗaukar 12,500, awa 24 na farko kyauta. Wanda aka jingina a inda aka hana, hukumar gari ce ke yanke kwaɗon ta kwashe.

Hular kwano ba dole ba ce a keken gari, 'yan ƙasa ba sa sawa. Ni dai ina ganin sabon shiga ya sa a watannin farko da ranar ƙanƙara, tana zama a kan siririn hijabi idan an cire fil da ƙulin gashi na sama.

Yaya_Bijlmer:

Ƙanwata, abin da za ki samu ya wuce rarar kuɗin bas. Doka ta yarda mutum biyu su jera, shi ya sa za ki ga hira ta fi yawa a kan keke, ƙawaye, miji da mata, uwa da hannunta a bayan ɗanta tana tura shi. Kuma babu wanda zai karanta arzikinki daga abin hawanki. Mark Rutte yana firaminista da keke yake zuwa ofis a birnin Hague, ranar da ya sauka a Yulin 2024 ma a kansa ya bar wurin. Wannan raini da ake yi wa mai keke a gida, cewa talauci ne, ki bar shi a filin jirgi.

Mutanen Holan ma ba haka suka tashi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300 a ƙasar, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zangar Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara, ƙarancin mai na 1973 ya zo ya sa aka hana motoci fita ranakun Lahadi, daga nan aka ƙara ƙaimi wajen raba wa keke hanyarsa. Hanyar ce ta sa mace ke iya tafiya a hankali da kwalliyarta, da tana kokawa da manyan motoci da tuni ta nemi kayan tsere.

Ga mai hijabi kuma ba ke ce farau ba. Matan Maroko da Turkiyya sun cika hanya. A unguwar Zuidoost ta Amsterdam wata 'yar Ghana da ake kira Mama Agatha ta yi shekaru tana koya wa mata baƙi hawan keke, wasunsu sun haura hamsin. Irin wannan aji akwai shi a cibiyoyin unguwa na garuruwa da yawa, ki tambayi fietsles, wato darasin keke, suna koyar da dokokin hanya ba taka feda kawai ba. A Izmir ta Turkiyya ma wata malamar makaranta, Sema Gür, ta fara gangamin mata masu kwalliya a kan keke a 2013, suna fita da furanni a kwando, ya bazu ƙasashe da dama.

Baƙuwar_Utrecht:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura biyu: birkin taka baya yana ba ni tsoro, ban taɓa hawa irinsa ba. Sannan in saya ne ko in karɓi na hayar nan mai shuɗiyar taya?

Mai_Faci:

Na kamfanin Swapfiets ke nan. Duk wata ake biya, in ya lalace su gyara ko su musanya. Idan zamanki wata shida ne ya yi, idan shekara biyu ne saye ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kya sayar in za ki tafi. Ki dai leƙa wilin bayansa, in babu garkuwar riga ki tambaye su kafin ki ƙara masa komai, tunda ba naki ba ne.

Birkin baya kwana biyu ake sabawa, a filin da babu mota. Wahalarsa guda: ba za ki iya juya feda baya don saita tashi ba. Saboda haka ki koyi tsayawa fedar ƙafarki mai ƙarfi tana sama ta ɗan karkata gaba. In kin manta, ki ɗan tura keken gaba ko ki ɗaga bayansa ki juya fedar da ƙafa. Haɗarinsa kuma idan sarƙa ta zame babu birki sam, don haka ki zaɓi mai ƙarin birkin hannu a gaba, kuma in kin ji sarƙa na bugun akwatinta ta saki ke nan, a ja ta, wasanta kada ya wuce santimita 1.

Iskar taya ta kai 3.5 zuwa 4 a ma'aunin iska da ake kira bar, ainihin adadin na rubuce a gefen tayar. Ki ƙara duk wata. Taya mai laushi ita ke sa a yi gumi a hanyar da ba tudu, ita ke kuma tsinke tib a bakin dakali. Idan giyar Nexus ta fara tsalle, ki sa ta a lamba 4 in mai 7 ce, ki leƙa gefen dama na wilin baya za ki ga layuka rawaya biyu, ki murza ɗan maƙogwaron wayar da ke jikin abin canza giya har su daidaita. Mai 3 kuma a lamba 2 ake saita ta.