Izin su ɗebi ma'aikata daga makarantun sana'a: taimako na ko wayo na?

Ɗan Abija: Salamu alaikum mutanen Adar. Jiya a hira anka kawo zancen wai masu izin, wato masana'antu, su ƙulla da makarantun sana'a, su CFM da CET da lise takanik, su riƙa ɗaukar ma'aikata daga can kai tsaye. Ni dai na ce wayo na, hanyar samun ɗan aikin banza ta. A ce ma yaro sitaj, wato zaman koyon aiki, ya yi wata shida yana ɗaukar buhu, a sallame shi a kawo wani. Wanda ya ga ba haka ba ya hito mu ji

Mushe: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka yi gaggawa. Ni da ke koyarwa na san abin da ke gare mu: kuran na gida, walda, aikin katako, ɗinki, gyaran babur. To izin ɗin siminti mi za ta yi da wanda iyakarshi ɗaura kwan wuta? Tana son wanda ya san manyan moton lantarki masu layin wuta ukku, da bel mai jan dutse, da tanda mai juyawa da zahinta ke kai digiri 1,450. Wace lakwal za ta iya sayen wannan? Tun shekarun 1960 ake siminti a Malbaza, ga ta Badagishiri ta ƙaru, duka cikin jihar Tawa, amma yaro sai ya gama BEP, difilom ɗin sana'a, bai san injin ba sai a hoton littahi. In ƙofar izin ba ta buɗe mashi ba ina zai gani?

Kawu Mai Walda: Mushe da girmanka amma bari in hwaɗi gaskiya. An sha kawo min masu takarda, ka miƙa ma yaro baget, sandar walda, hannu na rawa, ya huda ƙarhe ya ce kuran ya yi yawa. Yaron da ya tashi gareji tun yana ƙarami ya hi su nesa ba kusa ba. Ku tahi Katako a Yamai ku ga abin da ake ƙerawa, tukwane, baro, akwati, wa ya tambaye su difilom? In izin na son hannu ta zo wurinmu

Ɗan Izin: Kawu hannu kam ba a ja da ku. Amma wurin da nike aiki an gwada, kuma matsalar ba hannu ba ta. Ana ba ka zane a takarda ka karanta, ka auna da milimita, in ka gama ka rubuta abin da ka canza don wanda zai karɓe ka da dare ya sani. Sannan kahin ka sa hannu cikin inji sai ka kashe wuta ka sa kwaɗo ka riƙe makulli a aljihunka, wuta mai bolt 380 ba ta san gwani ba. Yaron gareji ya saba da a gwada a gani, kuma nan in anka gwada ba daidai ba layi duka ya tsaya ko mutum ya rasa yatsu

Kawu Mai Walda: To su masu takardar sun iya?

Ɗan Izin: Sun iya karanta zanen, hannun na sai a hankali. Shi ya sa ni ina bayan Mushe

Auta: Yaya Ɗan Abija bai yi ƙarya ba fa. Ni BTS gare ni, babban difilom na kuran, na yi sitaj a wani kamfani a Yamai, ko kuɗin taksi ba su ba ni ba, baba ke aiko min, rabin lokacin ma fotokwafi nike yi don sun ce mace ba ta shiga wajen inji, da na gama anka ba ni takardar godiya anka ce za a kira ni. Ranar da na koma karɓar takardar na iske wasu sabbi zaune wurin da nike zama

Ɗan Abija: Kun ji ko. Allah shi saka maki ƙanwata

Mushe: Ɗiyata abin da anka yi maki zalunci na, ba ni kare shi. Amma wannan sitaj na wanda ba shi da mai shi. A Jamus inda abin ya kahu, yaro na sa hannu a kwantara da kamfani tun ranar farko, kwana ukku ko huɗu cikin sati yana izin, sauran yana lakwal, shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyan shi duk wata, kuma jarabawar ƙarshe ba patoro ke yi mashi shi kaɗai ba, cibiyar masu kamfanoni ke shirya ta. Kamfanin da ya kashe kuɗi haka bisa yaro ba ya son ya sake shi. Mu ma nan kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a bisa albashin ma'aikatansu, kuma don wannan aikin anka kahwa FAFPA, asusun tallafa ma koyon sana'a. Kuma ba baƙon abu ba na, makarantun EMAIR ta Agadas da EMIG ta Yamai ai don ma'adinai da masana'antu anka yi su, ku tambayi waɗanda sunka yi aiki Arlit

Hajiya Babba: Mushe kai da ka ambaci Arlit. Cominak, mai haƙar uraniyum can, ta ruhe a watan Maris 2021, ina waɗanda ba su san komi ba sai aikinta? Braniger ma, izin ɗin lemu da giya, ta ruhe a 2019. Ni tambayata izin nawa gare mu duka? Siminti, matatar mai SORAZ ta Damagaram da anka buɗe 2011 mai ganga 20,000 a rana, SONICHAR mai haƙar kwal, su Niger Lait masu madara, sai 'yan kaɗan. Ko kowace ta buɗe ƙofa ba su ɗauke yaran Tawa kaɗai. Kuma in izin ita ka hwaɗa ma lakwal abin da za ta koyar, za a yanka yaro daidai wuyan inji guda, ranar da ta ruhe ya dawo ɗakin uwarshi

Ɗan Abija: Ga kuma albashi Hajiya. Mahi ƙanƙanta jika 42 na tun 2024. Mai walda mai hannu zai zauna don wannan? Da damana ta wuce sai Abija ko Libiya

Ɗan Izin: Ba a ɗaukar takanishe bisa jika 42 Yaya, wannan na lebura na. Hajiya kuma wanda ya iya moto mai layi ukku da akwatin wuta ba ya rasa aiki don izin guda ta ruhe, ga famfunan hwadama, ga injin niƙa, ga sola ko'ina yanzu

Mushe: Maganar Hajiya gare ta nauyi. Shi ya sa difilom ya tsaya na gwamnati, izin ta kawo inji da wurin gwaji da mutum guda mai bin yaron. Kuma a sa su Kawu ciki, don garejin unguwa sun hi izin ɗaukar yara. Yaro ya yi sahiya wurin Kawu, marece ya zo mu koya mashi zane da lissahi

Kawu Mai Walda: Na ji. Wa zai biya baget da ƙarhen da za su ɓata min? Ku hara da wannan

Mushe: Wannan kam sai an rubuta shi cikin kwantara Kawu, da baki ba ta yiwuwa

Auta: Yaya Ɗan Izin tsakaninka da Allah, cikin waɗanda sunka yi sitaj wurinku akwai wanda anka riƙe ba tare da ya san kowa ba?

Ɗan Izin: Akwai, amma masu hanya sun hi yawa. Ki turo min takardunki ta gehe in kai, ban yi maki alkawali ba