Kulorin nawa ake zubawa a kwamin wanka? Namu ya fara kore

Ɗan Barnawa:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka min. Kawuna yana da ƙaramin masaukin baƙi a nan Kaduna, da kwamin wanka a bayansa. Mai kula da shi ya koma garinsu, sai aka damƙa min aikin. Tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfi kuma mita 1 a bakin tsani har mita 2 a can ƙarshe. Abin da ya bar min shi ne bokitin garin kulorin, an rubuta 65% a jiki, da gwangwanin madara a ciki. Ya ce in riƙa zuba gwangwani ɗaya kowace safiya. Haka nake yi, amma bangon ya fara santsi, kusurwar da ke ƙarƙashin darbejiya ta yi kore-kore, yaran da suka shiga ranar Asabar kuma sun fito idanunsu jawur. Kawu ya ce maganin ne ya yi yawa tunda ruwan yana wari. Ƙarawa zan yi ko ragewa?

Mai Famfo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ajiye gwangwanin nan tukuna, ka nemo sikelin kicin da kayan gwaji. Shagunan da ke sayar da kulorin suna da shi, 'yar roba ce mai rami biyu da kwalaben ɗigo. Wanda ba ya gwaji, zato kawai yake yi.

Ga lissafinka. Matsakaicin zurfi mita 1.5 ne, 8 sau 4 sau 1.5 ya ba da 48, wato lita 48,000. Abin da ake so a ruwan wanka shi ne kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3 a ma'aunin gwajin. Garin da ke hannunka ba zallan kulorin ba ne, kashi 65 ne cikin ɗari, don haka giram ɗaya da rabi yake ɗaga lita 1,000 da maki ɗaya. A kwaminka, kimanin giram 75 ke nan kowane maki. Idan ka gwada ka ga 1 kana son 3, sai ka auna giram 150.

Amma yanzu da gansakuka ta riga ta kama, wannan ba zai yi komai ba. Sai ka kai shi maki 10 lokaci guda, giram 750. Ka goge bango da ƙasa da burushi, musamman kusurwar darbejiyar nan da layin da ke tsakanin tayil, ka bar injin ya kwana yana juya ruwan, da safe ka wanke matatar ruwan. Kada kowa ya shiga sai gwaji ya sauko 3.

Sannan ka daina zubawa da safe. Rana tana cinye irin wannan kulorin cikin 'yan awoyi, kafin azahar babu sauran komai a ruwan. Bayan magariba ake zubawa.

Maman Ummi:
Ɗana, ka faɗa wa kawunka cikin ladabi cewa warin nan alamar ƙarancin magani ne. Ni kimiyya nake koyarwa a sakandare. Idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa, sai ya rikiɗe ya zama wani sinadari daban, kuloramin. Shi ne mai warin, shi ne mai jan ido, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta da sauri. Ruwan da aka kula da shi da kyar za ka ji ƙanshin komai. Ka sa doka kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga, yara kuma a kai su bayan gida tukuna. Mai gudawa kada ya shiga sam.

Ramin gwaji na biyun nan na pH ne, wato ma'aunin tsamin ruwa, kada ka tsallake shi. A tsakanin 7.2 da 7.8 ake so. Garin da kake amfani da shi yana ɗaga pH a hankali, idan ya kai 8, ko da ka zuba kulorin da yawa ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarka. Ka fara cika bokiti da ruwa, sannan ka zuba garin a ciki, ba a zuba ruwa a kan gari. Ka sa safar hannu, ka juya wa iska baya. Asid ɗin rage pH kuma kada ya taɓa haɗuwa da kulorin a bokiti ɗaya, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Ko a ɗakin ajiya ka raba su nesa.

Ɗan Barnawa:
Allah ya saka da alheri, Mama da Yaya. Na sayo kayan gwajin, kulorin bai nuna komai ba, ruwan gwajin ko launi bai canja ba, pH kuma ya kusa 8. Mai shagon ya nuna min wasu manyan ƙwayoyi farare, ya ce da su ba sai na riƙa awo kullum ba. In saya? Ruwan burtsatse muke ƙarawa.

Mai Famfo:
Fara sauko da pH kafin ka zuba 750 ɗin. Ƙwayoyin nan masu giram 200 suna da amfani, kashi 90 ne, suna narkewa a hankali, kuma akwai sinadarin da ke kare kulorin daga rana a cikinsu. Ka sa su a robarsu mai yawo a kan ruwa, idan ka jefa su ƙasa za su ci tayil. Sai dai sinadarin karewar nan ba ya ƙarewa, taruwa yake yi. Tsakanin 30 da 50 ake son sa, idan ya wuce sosai kulorin ya daina aiki yadda ya kamata, kuma ba ya fita sai ka zubar da wani ɓangare na ruwan ka ƙara sabo. Don haka gwaji yana nan kullum.

Kada ƙwayar ta taɓa garin, ko a bokiti ko a cokali ɗaya, suna iya kama wuta. Ruwan burtsatse kuwa, idan akwai ƙarfe a ciki zai yi ja-ja bayan ka zuba kulorin. Kada ka firgita, ka bar injin yana aiki, ka riƙa wanke matatar har ruwan ya washe. Ranar da babu wuta, ka roƙi Kawu a tada janareta ko na awa shida ne.