Gine-gine a bakin teku, ina ya kamata a tsaya?

Mai Tambaya: Jama'a don Allah otal-otal da tashoshin jiragen ruwan nan da ake ta ginawa a gaɓar teku, dole ne sai an lalata wurin?

Dattijo: Ba dole ba ne ɗan'uwa, a dai ja baya daga ruwan. Itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri su ke karya ƙarfin igiyar ruwa kuma nan kifi ke hayayyafa, ka sare su ka zuba siminti to teku zai yi ta cin ƙasar.

Hajjo: To mutane su ci me? Aiki ake nema fa malam.

Dattijo: Hajiya dubi Jakarta, yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa birnin yana nutsewa, har Indonesiya ta fara gina sabon babban birni, Nusantara.

Hajjo: Tabɗi, nawa wannan zai ci?